Saƙar Zaren Fata A Kan Sirdi: Inda Ribar Kayan Doki Take, Da Rabon Gombe A Cikinta

GOMBE: Daga cikin mazaɓu 11 da ke ƙaramar hukumar Gombe, akwai guda biyu waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su shaida wa baƙo matsayin doki a wannan gari, wato Dawaki da Shamaki. Tun lokacin da Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar a shekarar 1804, har zuwa lokacin da aka maido da hedkwatarta daga Nafaɗa zuwa inda take a yanzu a shekarar 1919, doki bai taɓa rabuwa da sha'anin sarauta ba. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci ranar 1 ga watan Oktoba 1996, yawan masarautu ya ƙaru, haka nan hakimai da masu riƙe da sarautun gargajiya. A Dukku da Nafaɗa da Kumo da Deba da Pindiga, kowace fada tana da nata hawan, kowane mahayi kuwa yana bukatar sirdi da linzami da ragama da majayi da sauran kayan ƙawa.

Wannan kasuwa ce ta kuɗi masu kauri, sai dai kaso mai yawa na kuɗin ba a Gombe yake kwana ba. Fatun awaki da na tumaki da ake feɗewa a mahautan jihar, da waɗanda ake tarawa a kwanakin Babbar Salla, fatake ne ke saye su zuba musu gishiri su nufi Kano da su, inda manyan masana'antun jima suke a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Mai neman kayan doki na kece raini kuma sau da yawa kasuwar Kurmi yake dosa. Ke nan Gombe tana sayar da ɗanyar fata a farashin ɗanyar fata, sannan ta sayo ƙerarren kaya a farashin gwani. Bambancin da ke tsakanin farashin nan biyu shi ne ladan aikin hannu, kuma babu wani sashe na aikin da ya fi cin lokaci da ɗaga darajar kaya kamar saƙar zaren fata da ake yi a bakin sirdi da jikin ragama da gefen jaka.

Abin da ake nufi da saƙar shi ne a yanko fata siririya kamar zare, a huda bakin kayan da ake so a haɗa, a riƙa zura zaren yana zagaya bakin cikin tsari har ya rufe shi ruf. Amfaninta biyu ne: tana ɗaure fallen fata biyu ko uku wuri guda, tana kuma kare bakin daga cinyewa, musamman a kwacciyar sirdi ta gaba da ta baya inda gogayya ta fi yawa. Ado shi ne na uku, amma shi ne wanda idon mai saye ya fara gani, shi ne kuma yake biya.

Almajirin baduku ba da saƙar yake farawa ba, da yankan zaren yake farawa, kuma a nan ne akan gane wanda zai yi nisa. Ba kowane ɓangare na fata ne ke ba da zare mai kyau ba. Fatar gadon baya ta fi tauri da daidaiton kauri, ta ciki da ta hammata kuwa tana miƙewa, idan aka yi saƙa da ita ba a jimawa take saki. Gwanaye sukan yanko faifan fata mai siffar da'ira, su sa wuƙa mai kaifi su riƙa bin gefensa suna zagayawa zuwa tsakiya, ta haka sai a sami zare guda mai tsawo ba tare da haɗi ba. Lissafin yana da ban sha'awa ga ɗan kasuwa: faifan da faɗinsa bai wuce santimita 30 ba, idan aka yanka shi zare mai faɗin milimita 3, zai ba da kimanin mita 20. Wato guntun fatar da mai ɗinkin takalma zai iya watsarwa, a hannun mai saƙa jari ne. Bayan an yanka, sai a ɗan jiƙa zaren a ja shi ya gama miƙewarsa tun kafin ya hau kaya, a kankare bayansa ya yi kauri ɗaya, a rage kaifin gefensa domin ya kwanta, sannan a shafa masa kitse ko kakin zuma.

Daga nan sai huda. Tazarar da ke tsakanin huda da huda, da wadda ke tsakanin huda da bakin fata, galibi daidai take da faɗin zaren. Idan aka matsa kusa da baki fatar ta yage, idan aka yi nisa saƙar ta yi sako-sako. Da zare mai milimita 3, bakin da ya kai mita ɗaya yana bukatar huda sama da 160, kowace kuwa sai zaren ya ratsa ta da hannu, fuskar fatar tana kallon waje, ba tare da ya murɗe ba. Murɗewa guda ɗaya tak takan fito fili kamar baƙin tabo a farar riga.

Saƙar hawa-hawa ce. Mafi sauƙi ita ce ta shiga-da-fita a miƙe, wadda ke cin zaren da ya kai tsawon bakin sau ɗaya da rabi. Sai ta naɗi, inda zaren ke zagaya bakin daga huda zuwa huda, tana cin kimanin ninki uku da rabi. Sai mai madauki ɗaya, wadda ke cin kimanin ninki shida. Mai madauki biyu, wadda ke fitowa kamar kitso a kan bakin kaya, tana cin ninki takwas ko fiye. Wannan ƙididdiga ita ce ya kamata kowane mai sana'ar ya haddace kafin ya yanke wa mai saye farashi, domin mita ɗaya na bakin sirdi da aka yi wa saƙa mai madauki biyu ya haɗiye mita takwas na zare da sa'o'in aiki masu yawa. Baduku da yawa da ido suke yin ciniki, su dubi girman kaya su faɗi kuɗi, sai a wayi gari sun sayar da aikin yini uku a kuɗin yini ɗaya. A ganinmu wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa 'ya'yan dukawa ke guje wa sana'ar iyayensu su koma acaba ko sayar da kayan waya.

Akwai kuma abin da ba a koyonsa sai a gaban malami. Ba a saƙa da zaren da ya wuce kimanin mita biyu a lokaci guda, saboda yawan ratsa huda yana cinye shi. Don haka dole a riƙa yin haɗi, a fiƙe bakin tsohon zare da na sabo a cusa su tsakanin fallen fata yadda ido ba zai gani ba. Haka nan juya kusurwa, inda ake ratsa huda ɗaya sau biyu ko uku domin kada bakin ya bayyana, da kuma rufe saƙar inda ƙarshe ya haɗu da farko. Masu sayen da suka san kaya wuraren nan uku suke dubawa. A ƙarshe akan bubbuga saƙar a hankali da guduma ta itace ta kwanta, a goge ta.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: wuƙa, tsinken huda, basilla, almakashi, dutsen wasa wuƙa da katakon da ake yanka a kai. Maƙeran gari suna ƙera kusan dukkansu. Ba a bukatar wutar lantarki, balle janareta da man da zai sha, abin da ya zama babban al'amari tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Launukan ma na gida ne tun asali. Majema suna jima da bagaruwa, ana samun ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, sai kuma koriyar fatar nan mai tsada da ake kira korino, wadda ake haɗa launinta da garin tagulla. Jarin da sana'ar ke ci shi ne lokaci. Yaro yakan shafe shekaru a zauren maigidansa kafin a yarda ya taɓa sirdin hakimi, kuma a tsawon wannan lokaci abin da yake samu bai wuce na abinci ba.

Masu ganin wannan aiki a matsayin abin ƙauye ya kamata su dubi tarihinsa da kuma yadda wasu ƙasashe suka riƙe nasu. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce ayarin raƙuma suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suna saye daga tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a shekarar 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Garin Gadamus na ƙasar Libiya, wanda fatakensa suka zauna a Kano, daga sunansa ne mutanen Sifen suka samo kalmar da suke kiran fata mai ado. Daga Sifen sana'ar sirdi ta ketara zuwa Meziko, daga can ta shiga yammacin Amurka, inda har gobe sirdin makiyaya mai saƙar hannu ke da masu saye, ana kuma wallafa littattafan koyar da saƙar mataki-mataki. Littafin Bruce Grant kan kitson fata, wanda ya fito a shekarar 1950, har yanzu ana buga shi. A Ostareliya da fatar dabbar nan kangaru ake yanka zaren, saboda ƙarfinta ko da an fiƙe ta siririya. A Ajantina makiyaya suna saƙa linzami da ragama da zaren ɗanyar fatar doki. Kusa da gida kuma, a Agadas, matan maƙeran Buzaye sun mayar da jakunkuna masu geza hajar da baƙi ke nema. Abin da waɗannan wurare suka yi tarayya a kai shi ne sun rubuta sana'ar, ko sun sama mata masu saye a wajen mahaya.

Batu na biyun shi ne ya fi shafar Gombe, domin kasuwar kayan doki ta lokaci ce. Takan yi zafi gab da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, da lokacin naɗin sarauta ko hawan angwanci, sannan ta yi sanyi. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa masarautu da dama na Arewa suka soke hawan Salla, masu wannan sana'a sun ji a jikinsu. Amma hannun da ya iya saƙar kwacciyar sirdi, shi ne zai yi ta gidan wuƙa da kuben takobi da gafakar Alƙur'ani da jakar mata da ɗamara da titimi da gidan waya. Waɗannan ba su da lokaci. Gombe kuwa mahaɗa ce ta hanyoyin Bauci da Yola da Biu da Potiskum, tana karɓar baƙin taro daga jihohin Arewa maso Gabas, kuma baƙo yana son tsaraba. Sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da hukumar UNESCO ta yi a watan Disamban 2024 ya ƙara jawo hankalin waje ga kayan doki na ƙasar Hausa baki ɗaya.

Babbar barazana ita ce roba. Fatar roba da zaren leda masu sheƙi suna da araha, daga nesa a filin hawa kuma ba kowa ke bambancewa ba. Sai dai zafin rana da gumin doki suna farfasa su cikin ɗan lokaci, alhali saƙar fata ta gaske idan ana shafa mata mai takan yi shekaru, idan wani wuri ya tsinke kuma a warware a gyara shi kaɗai. Barazana ta biyu daga mahauta take. Fatar da wuƙa ta tsaga wajen fiɗa, ko wadda aka yi wa lalas, ko kaska ta huda, ko aka shanya a ƙasa rana ta ƙone ta, ba ta ba da dogon zare, domin duk inda aibi yake nan zaren zai tsinke. Ƙirgin shanu da ake yin majayi da maɗaurin likkafa da shi kuma yana da abokin takara mai ƙarfi, wato tukunya, tunda mai sayen ganda yana biya nan take.

Ta fuskar hukuma akwai abubuwan da za a iya dogara da su. Dokar ƙasa ta hana fitar da ɗanyar fata zuwa waje, domin a sarrafa ta a gida. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya, wadda asalinta ya faro a shekarar 1964 kuma aka fi sani da NILEST, tana horar da ɗalibai kan jima da ƙera kayan fata. A watan Yulin 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata da kayan fata, a shekarar 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Jihar Gombe tana da makiyayar Wawa-Zange mai faɗin hekta sama da dubu 140. Sai dai akasarin waɗannan tsare-tsare sun fi karkata ga manyan masana'antu da takalma da fitar da jemammiyar fata, baduku mai zaune a zaure da basillarsa ba kasafai yake shiga lissafi ba.

Abin da ɗan kasuwar Gombe zai iya yi ba sai ya jira gwamnati ba. Attajiri guda yana iya ɗaukar nauyin abincin almajirai biyar ko shida na shekara biyu a hannun gwani, ya sayo jemammiyar fata da yawa a lokacin da take araha bayan Babbar Salla, ya kuma yi yarjejeniya da mahauta ya riƙa ƙara musu wani abu a kan kowace fatar da ta fito ba tsaga. Fadodin sarakuna, waɗanda su ne manyan masu saye, suna iya ba da aikinsu watanni huɗu ko biyar kafin Salla maimakon mako biyu, tare da kafin alƙalami, domin gaggawa ce ke tura baduku ga roba.