Hoton Ciki Na Gano Ƙari Tun Jariri Bai Zo Duniya Ba

A cikin shekarar 2016, wata mace mai ciki a jihar Tekzas ta ƙasar Amurka ta shiga ɗakin tiyata da cikin mako 23, aka buɗe mahaifarta, aka yanke wani ƙaton ƙari da ya fito wa 'yar da ke cikinta, sa'an nan aka mayar da 'yar, aka ɗinke mahaifar. Bayan kamar mako 12 aka haifi yarinyar da ranta. Ɗaya daga cikin likitocin da suka shugabanci wannan aiki, Dokta Oluyinka Olutoye, ɗan Nijeriya ne, kuma a jami'ar Ile-Ife ya yi karatun likita. To amma abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, shi ne cewa aikin bai faro daga ɗakin tiyata ba. Ya faro ne tun ciki yana da mako 16, ranar da matar ta je awo kamar kowace mace, aka ɗauki hoton cikinta, aka ga ƙarin.

Wannan hoto, wanda mata suka fi sani da sikanin, wani likita ne mai suna Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo suka share masa fage, suka kuma bayyana sakamakon bincikensu a 1958. Yadda na'urar ke aiki kuwa shi ne, takan aika da wani sauti wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya ji, sautin ya bugi ƙashi da tsoka da ruwa, ya dawo kamar amsa-kuwwa, ita kuma ta mai da shi hoto. Babu irin hasken nan na hoton ƙashi a cikinsa, saboda haka ne likitoci suka amince da shi ga masu juna biyu.

Gaskiya ne ba kasafai ɗan tayi kan fito da ƙari ba. Wanda aka fi samu ga jarirai shi ne wanda likitoci ke kira teratoma, mai tsirowa a gindin ƙashin baya, watau tsakanin ɗuwawu. Akan same shi ga jariri guda a cikin kimanin haihuwa 35,000 zuwa 40,000, kuma ya fi kama 'ya'ya mata, har ninki uku ko huɗu. Idan aka tsaga shi, akan tarar da kitse, ko gashi, ko guringuntsi, ko ƙashi, domin kuwa ya samo asali ne daga ƙwayoyin halitta na farko waɗanda ke iya zama kowace gaɓa ta jiki. Wannan ne ya sa a wurare da dama jama'a kan danganta shi da sammu ko iskoki, alhali kuwa cuta ce da likitoci suka san kanta, kuma ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba.

Yawancin irin wannan ƙari a lokacin haihuwa ba ciwon daji ba ne. Haɗarinsa yana wani waje dabam. Idan ƙarin mai tsoka ne, cike da jijiyoyin jini, sai ya riƙa janye jinin ɗan tayi, zuciyarsa ta yi ta aiki fiye da ƙarfinta har ta gaza, jikinsa ya kumbura da ruwa. Wani lokaci ma uwar kanta takan kumbura, jininta ya hau. Haɗari na biyu kuwa ranar naƙuda yake. Ƙarin da ya kai girman kan jariri yana iya tokare hanya, naƙuda ta yi tsawo, ko kuwa ya fashe, jariri ya zubar da jini cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Ungozoma komai gwanintarta ba ta da yadda za ta yi da wannan a ɗaki.

A nan ne amfanin hoto yake fitowa fili. Da zarar an ga ƙari, likita zai auna girmansa, ya duba ko ruwa ne a cikinsa ko tsoka, ya kuma duba gudun jinin da ke shiga cikinsa. Daga nan sai a riƙa maimaita hoton, ana lura da zuciyar ɗan tayi da yawan ruwan da yake kwance a ciki. Tun a 1974 wani likitan fiɗar yara a Amurka, Peter Altman, da abokansa suka kasa wannan ƙari gida huɗu, daga wanda kusan dukkansa yana waje, har zuwa wanda ya ɓuya gaba ɗaya a cikin ƙugu. Domin a tantance ko wane ne, inda hali ya samu akan ƙara da hoton MRI, wanda ke aiki da maganaɗisu, yana nuna iyakar inda ƙarin ya shiga, da ko ya danne mafitsara ko hanji.

Idan ƙarin babba ne, sai a tsai da ranar da za a fitar da jariri ta hanyar tiyata, a asibitin da ke da likitan fiɗar yara, da jini a ajiye. Bayan 'yan kwanaki a cire ƙarin tare da ɗan ƙashin nan na ƙarshen baya, gama idan aka bar ƙashin ƙarin yana iya dawowa. Jinkiri ma ba shi da kyau, domin idan aka bar shi watanni yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Akasarin yaran da aka yi wa aikin a kan kari sukan rayu, ko da yake tilas a ci gaba da kai su asibiti ana gwada jininsu har 'yan shekaru. Fiɗar ɗan tayi yana cikin mahaifa kuwa, irin wadda Dokta Michael Harrison ya soma a San Faransisko a 1981, ba a yin ta sai inda aka ga babu makawa, kuma asibitoci ƙalilan ne a duniya ke iya ta.

Ba a gindin baya kaɗai ƙari ke fitowa ba. Akwai mai fitowa a wuya ko a cikin baki, wanda kan hana ɗan tayi haɗiyar ruwa, har cikin uwa ya yi girman da ya wuce watanninsa. Irin wannan jariri ba zai iya shaƙar iska ba idan ya faɗo. Idan an sani tun da wuri, likitoci kan fito da kansa da kafaɗunsa kawai, su sa masa bututun numfashi yana nan yana samun iska ta cibiya, kana su yanke ta. Akwai kuma na zuciya, wanda sau da yawa yakan ragu da kansa bayan haihuwa, sai dai yakan zama alamar wata cuta mai bin jini da ke jawo farfaɗiya, don haka akan bincika yaron da iyayensa. Haka nan akan ga ƙari a ƙoda, da hanta, da ƙwaƙwalwa, kuma kowanne da irin shirin da ake yi masa. Na ƙwaƙwalwa dai shi ne mafi wuyar sha'ani.

Sai dai fa hoto ba ya ganin komai da komai. Wani ƙarin ba ya bayyana sai ciki ya tsufa, kuma ba a tabbatar da ainihin irinsa sai an ciro an duba shi a ɗakin gwaji. Bugu da ƙari, na'ura ba ta wuce gwanintar mai riƙe da ita ba.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowace mai ciki ta yi hoto ko da sau ɗaya kafin mako 24. Lokacin da ya fi dacewa a duba gaɓoɓin ɗan tayi ɗaya bayan ɗaya shi ne tsakanin mako 18 da 22, watau wajen wata biyar. Mata da yawa a ƙasar nan ba su soma zuwa awo sai ciki ya kai wata bakwai, wasu kuma babban abin da suke tambaya a ɗakin hoto shi ne, namiji ne ko mace. Ya kamata a ƙara da tambayar ko an duba kai, da zuciya, da ciki, da baya. Idan kuwa mai hoto ya ce ya ga wani abu, kada a tsaya jin ta bakin maƙwabta, a nemi takardar zuwa babban asibiti. Magidanta su ma da nasu nauyin, domin izinin fita da kuɗin mota galibi a hannunsu suke, kuma makon da aka ɓata ana shawara yana iya zama shi ne wanda likita yake bukata.