Bawul Mai Shigar da Iska a Bututun Ƙazamin Ruwa na Gida da na Mota

1. Gwiwa da ruwan da ke cikinta

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin kwamin wanke-wanke ko bahon wanka zai ga bututun da ke fid da ruwa ya lanƙwashe kamar gwiwa kafin ya miƙe. Wannan lanƙwasa ta kan riƙe ruwa kullum, tsayinsa tsakanin inci 2 da inci 4, watau kamar milimita 50 zuwa 100. Ruwan nan shi ne ƙyauren da ke tsakanin ɗaki da magudana. Wani maƙerin agogo mutumin Sikotlan, Alexander Cumming, shi ya yi wa wannan dabara rajista a Ingila cikin 1775.

Abin da ƙyauren ya ke tarewa ba ƙarami ba ne. A cikin magudana da sokawe ƙazanta ta kan ruɓe ta haifi iska iri iri. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kisa in ta yi yawa, akwai kuma wadda ba ta da wari amma tana kama wuta. Har wa yau ƙwayoyin cuta su kan biyo wannan hanya. Cikin 2003, sa'ad da cutar SARS ta ɓarke a Hon Kon, mutum fiye da 300 suka kamu a rukunin benaye guda, Amoy Gardens. Masu bincike suka tarar gwiwoyin magudanan ƙasa na makewayai da yawa sun bushe, fankokin fid da iska kuwa suna janyo tururin magudana zuwa cikin ɗakuna.

2. Dalilin da bututu ke bukatar iska

Mai son tsiyaye madara daga gwangwani ya kan huda shi wuri biyu, ɗaya don madara ta fita, ɗaya don iska ta shiga. In huda ɗaya ce, sai madarar ta riƙa fitowa da ƙyar. Haka al'amarin bututu ya ke. Sa'ad da aka saki ruwa mai yawa a lokaci guda, ya kan cika bututu ya gangara, ya bar bayansa da ƙarancin iska. Wurin kuwa ba ya zama haka nan, tilas ya jawo iska daga wata kafa. Idan babu kafa, sai ya zuƙe ruwan gwiwa, kamar yadda a ke zuƙo fetur daga tanki da tiyo. Ƙarar ƙulƙul ɗin da a kan ji bayan an zubar da ruwa ita ce alamar wannan zuƙa.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne a ɗaga wani bututu daga magudana a fid da shi ta rufin gida. Amma akwai wuraren da wannan ke da wuya, misali kwamin da aka kafa a tsakiyar ɗakin girki nesa da bango, ko makewayin da aka ƙara bayan an gama gini. Ban da haka, kowace huda a rufi ƙofa ce ta yoyo.

3. Yadda bawul ɗin ke aiki

Kalmar bawul ba baƙuwa ba ce, gama masu facin taya sun daɗe da shigo da ita cikin Hausa. Bawul ɗin taya ya kan bar iska ta shiga, ya hana ta fita. Wanda a ke magana a kansa nan ma aikinsa ke nan, sai dai shi da kansa ya ke buɗewa da rufewa. A ƙasar Suwidin aka ƙago shi a shekarun 1970, a kan kuma danganta shi da Sture Ericson, wanda ya kafa kamfanin Studor.

Ƙirarsa ba ta da wuya. Ɗan ƙoƙo ne na roba mai tauri da a ke ɗaurawa a kan guntun bututu bayan gwiwa. A cikinsa akwai faifan roba mai laushi zaune bisa wata kafa. Sa'ad da ruwa ya gangara, matsin iskar cikin bututu ya ragu, sai iskar ɗaki ta ɗaga faifan ta shiga. Da matsi ya daidaita, nauyin faifan ya mai da shi mazauninsa. In kuwa iskar magudana ce ta taso, sai ta ƙara danne shi. Tun da nauyi ne ke rufe shi, lalle ne a kafa shi a tsaye. In ya karkace da yawa, faifan ba zai zauna daidai ba.

4. Sharuɗɗan kafa shi

A Turai ƙa'idar EN 12380 ce ta tsara gwajinsa, a Amurka kuwa ASSE 1050 da ASSE 1051. Duk da haka ba kowace jiha ko birni na Amurka ya yarda da shi ba, saboda haka mai gini ya kan fara tambayar hukumar wurin. Inda aka yarda, ga abin da a kan nema. Na ɗaya, ya ɗara bututun kwance da ya ke shayarwa da inci 4 a ƙalla. Na biyu, wanda aka sa a kan babban bututun tsaye ya ɗara bakin kwami mafi tsawo da inci 6. Na uku, a sa shi inda hannu zai kai, inda kuma iska ke ratsawa. Wanda ya binne shi cikin bango ya shafe da siminti ya toshe masa hanci.

Sharaɗi na huɗu shi ne mafi girma: ko da bawul nawa aka sa, sai an bar bututu ɗaya ya fita sarari. Dalili kuwa, bawul shigarwa kaɗai ya iya. Iskar da ke taruwa cikin sokawe tana bukatar mafita, haka kuma iskar da ruwa ke turawa gabansa a gindin bene mai tsawo. In ba ta sami hanya ba, sai ta keto ta cikin ruwan gwiwa ta shigo ɗaki. Kuma bawul ba ya hana gwiwa bushewa in an daɗe ba a zuba ruwa ba, irin abin da ya auku a Hon Kon. Maganin wannan ruwa ne kawai, a riƙa zubawa loto loto.

5. A cikin mota mai ɗaki

A Amurka da Turai akwai motocin da aka shirya su kamar gida, da gado da murhu da makewayi, mutane na yawon hutu da su. Ƙarƙashinsu akwai tanki biyu, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na masai. Tankunan suna da bututun numfashi ta rufin mota, amma wuri ya yi ƙunci a ce kowane kwami ya sami nasa. Don haka a kan sa bawul ƙarƙashin kwami, galibi a kan bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi.

Da yawa daga waɗanda a ke sawa a mota masu araha ne, waya mai tankwasa ce ke rufe su maimakon nauyi. Zafi da girgizar hanya su kan busar da robar ta tsage, ko wayar ta saki. Alamar lalacewarsa ita ce wari daga akwatin ƙarƙashin kwami, musamman sa'ad da mota ke gudu taga a buɗe, ko an kunna fankar rufi, gama duka biyu suna rage matsin iskar cikin mota su janyo ta tanki. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A rufe kan bawul da leda a ɗaure na ɗan lokaci. In wari ya ɗauke, an gane mai laifi, sai a warware shi da hannu a ɗaura sabo, kada a bar ledar a wurin. In warin bai ɗauke ba, a duba gwiwa, don tangaɗin tafiya ya kan zubar da ruwanta, sa'an nan a hau rufi a duba ko ganye ko gidan zanzaro ya toshe bututun numfashi.

Mai gida da mai mota duka ya kamata su san cewa faifan roba yana tsufa. Wanda ya san inda bawul ɗinsa ya ke, ya kuma bar hanyar kai hannu gare shi, gyaransa aikin 'yan mintoci ne.