Sabuwar Wayar Haɗa Allon Kwamfuta: Abin Lura Ga 'Yan Kasuwar Yola Da Jimeta

YOLA — Masu sayar da kayan kwamfuta da masu amfani da su a Yola da Jimeta suna fuskantar wani canji wanda ƙanƙantarsa kan sa a raina shi, alhali kuwa yana iya ɗaure jarin ɗan kasuwa wata da watanni. Canjin ya shafi wayar da ke ɗaukar hoto daga kwamfuta zuwa allonta. Shuɗiyar wayar nan mai noti biyu, wadda aka saba da ita shekara da shekaru, ba ta da mazauni a bayan yawancin kwamfutocin ofis da ake ƙerawa a yanzu. A madadinta akwai wata kafa da ake kira DisplayPort, wadda ta yi kama da kafar HDMI ta akwatin talabijin, har mutum ya yi ta ƙoƙarin cusa wayar da ba tata ba. Bambancin da ido zai iya gani shi ne, bakin HDMI an daddatse kusurwoyinsa biyu na ƙasa, na DisplayPort kuwa kusurwa ɗaya tak aka datse.

Al'amarin ya shafi jama'a da dama. Baya ga ma'aikatun gwamnati da bankuna da ke Jimeta, akwai Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke cikin garin Yola, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, ga kuma ɗakunan jarrabawa da suka yawaita a sassa daban-daban na ƙasar nan, musamman bayan 2015, shekarar da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A irin waɗannan wurare kwamfuta takan mutu ko ta tsufa a canja ta, amma allo da na'urar majigi sukan daɗe suna aiki. Nan ne matsalar take: sabuwar kwamfuta, tsohon allo, kuma babu wayar da ta haɗa su kai tsaye.

Ita shuɗiyar wayar, sunanta VGA, kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da ita a 1987. Tana da allurai 15 a jere uku, kuma tana aika hoto ne a tsohon tsari, wato ta hanyar ƙarfin wuta mai hawa da sauka, launin ja da kore da shuɗi kowanne a kan silinsa. An yi ta ne domin tsofaffin alluna masu ƙeya. Da aka koma alluna falle-falle, sai ya zama dole kwamfuta ta juya lambobinta zuwa wannan tsohon tsari, allo kuma ya sake juya su zuwa lambobi, kuma a kowane juyi hoton yakan ɗan yi rauni. Shi ya sa rubutu kan yi inuwa a gefensa idan wayar ta yi tsawo ko kuma maras kyau ce, kuma duk wanda ya taɓa aiki a kan wutar ƙaramin janareto ya ga layukan da ke yawo a fuskar allo. Ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Duk da haka ba a raba ta da alherinta. Notinta kan riƙe ta gam, kuma ko da ta fara lalacewa takan ci gaba da nuna hoto, ko da launinsa ya rine, abin da wayoyin zamani ba sa yi. Su ko dai su kawo hoto garau, ko su riƙa ƙiftawa, ko allo ya yi baƙi ƙirin.

Farar wayar DVI, wadda ta fito a 1999, tana kai lambobi kai tsaye zuwa allo. Kanta babba ne, bisa ƙa'ida ba ta ɗaukar sauti, kuma an daɗe da daina inganta ta. Wanda yake da ita a shago ya sayar da abin da ya rage, ba sai ya ƙaro ba.

HDMI ta zo a watan Disamba na 2002, kuma masu ƙera talabijin ne suka haɗa kai suka kafa ta, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi. Tana da haƙora 19, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda, shi ya sa ta mamaye gidaje da otal-otal da gidajen kallon ƙwallo. Sai dai ba kyauta ake amfani da ita ba. Babban kamfanin da zai sa ta a kayansa yakan biya dala 10,000 a shekara, sannan ya biya daga santi 4 zuwa 15 a kan kowace na'ura, gwargwadon sharuɗɗan da ya cika. Kuɗin ba shi da yawa a kan na'ura ɗaya, amma ga mai ƙera miliyoyi lissafi ne da ba a mantawa da shi.

Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa masu ƙera kwamfuta suka nemi tasu hanyar. A watan Mayu na 2006 ƙungiyar VESA, wadda ke tsara ƙa'idojin allon kwamfuta, ta amince da DisplayPort, kuma ita ƙungiyar ba ta karɓar kuɗi a kan kowace na'ura. Wayar tana da haƙora 20, tana ɗaukar hoto da sauti, amma yadda take aika su ya bambanta. Maimakon ta kwararo hoton kamar ruwa a bututu, sai ta daddatsa shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da alamar inda za shi, kamar kayan da aka yi wa lamba a tashar mota. Saboda haka ne tun daga bugu na 1.2, wanda ya fito a 2010, kafa ɗaya take iya ciyar da allo biyu ko fiye, ana jona na biyu a bayan na farko, muddin allunan suna da kafar fita. Ga akanta ko mai zanen taswirar gini ko mai aikin ɗab'i da ke son allo biyu a gabansa, wannan sauƙi ne babba. Galibin wayoyinta kuma suna da ƙugiya a baki, sai an danna maɓalli sannan a zare. Wanda ya fizge ta kamar HDMI yana iya fito da kafar kwamfutar gaba ɗaya, kuma gyaran wannan ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa fasahar 2006 take zama sabuwa a kasuwar Jimeta sai yanzu, yana da nasaba da hanyar da kaya ke bi. Idan za a iya tunawa, a watan Disamba na 2010 kamfanonin Intel da AMD, tare da Dell da Lenovo da Samsung da LG, suka bayar da sanarwar cewa za su janye daga VGA zuwa 2015. Amma kaso mai yawa na kwamfutocin da ake amfani da su a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka sauka Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, wasu ta Kano, kafin su iso Adamawa. Shawarar da aka yanke a can takan ɗauki shekaru kafin ta iso nan. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafin kyauta ga Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar injin Intel da ya gaza ƙarni na takwas sai 'yan ƙalilan. Wannan ya tilasta wa ofisoshi da dama a ƙetare zubar da tsofaffin kwamfutocinsu. To ko waɗanda aka zubar ɗin, ko waɗanda suka ɗan fi su sabunta, irin su OptiPlex na Dell da EliteDesk na HP da ThinkCentre na Lenovo, kusan dukansu DisplayPort ce babbar kafarsu, kuma a da yawa daga cikinsu kafar VGA sai wanda ya yi odarta tun daga masana'anta.

A nan ne ciniki yake, kuma a nan ne asara take. Maganar adafta ce. Abu na farko da ya kamata mai shago ya riƙe shi ne, yawancin adaftocin nan hanya ɗaya suke bi, daga kwamfuta zuwa allo, ba sa juyawa. Kwamfutar da ke da DisplayPort za ta iya ciyar da allo mai HDMI ko DVI da adafta mai araha, idan kafar tana da alamar DP da giciye biyu a gefenta, domin irin wannan kafa takan gane abin da aka jona mata ta sauya harshe da kanta. Amma idan aka juya, wato kwamfuta mai HDMI da allo mai DisplayPort, wannan adafta ba za ta yi komai ba, ko da bakunan sun shiga daidai. Sai an nemi wata dabam mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, wadda galibi take jan wuta daga kafar USB, kuma ta fi tsada. Zuwa VGA kuwa, ko daga DisplayPort ko daga HDMI, dole adaftar ta kasance mai ƙwaƙwalwa, domin aikinta shi ne juya lambobi zuwa tsohon tsari. Wayar da aka ga tana da HDMI a kai ɗaya da VGA a ɗaya kan, babu wata ƙwaƙwalwa a cikinta, ba ta da amfani ga kwamfutar da aka saba gani, komai kyan kwalinta. Mai son sauti kuma ya tabbatar adaftar tana da ƙaramar kafar lasifika.

A ƙaddara makaranta tana da kwamfutocin tebur 100 da alluna 100 masu VGA kaɗai, ta canja kwamfutocin ta bar allunan. Tana bukatar adafta 100, kuma idan aka sari masu bin kishiyar hanya, sai a mayar da su Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, in ma mai kayan ya yarda ya karɓa. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura Naira 1,500 a 2024, irin wannan kuskure ya daina zama ƙarami. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta a takardar oda, ɓaro-ɓaro, kafar da ke jikin kwamfuta da farko, kafar da ke jikin allo daga baya, kuma a gwada guda ɗaya kafin a biya kuɗin katan.

Kwamfutocin cinya sun ƙara wani ruɗani. Ƙaramar kafar USB-C, wadda ta fito a 2014, tana iya ɗaukar hoton DisplayPort a cikinta, tare da bayanai da wutar caji, har wat 240 a tsarin da aka fitar a 2021. Ke nan waya ɗaya ta isa ta kai hoto ga allo ta kuma dawo wa kwamfuta da wuta. Tarayyar Turai ta wajabta wannan kafa ga wayoyin hannu daga 28 ga Disamba, 2024, ta kuma sa 28 ga Afrilu, 2026 ga kwamfutocin cinya, don haka kayan hannu da za su biyo baya da ita za su zo. Sai dai dokar ta caji ce, ba ta hoto ba. Ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba, kuma wayar cajin wayar hannu da ake sayarwa a bakin titi galibi ba ta da silin ɗaukarsa. Alamar DP ko ta tsawa a gefen kafar ita ce shaida. In babu, sai a duba takardar na'urar.

Masu talla sukan cika baki da lissafin gudu. HDMI 2.0 ta 2013 tana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, 2.1 ta 2017 tana ɗaukar 48, 2.2 ta 2025 kuma 96, yayin da DisplayPort 2.0 ta 2019 ta kai 80. Gaskiyar magana ita ce allon ofis mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye bai kai bukatar gigabit 5 ba. Mai shagon buga takardu a kusa da Kasuwar Zamani ta Jimeta ba zai ga wani bambanci ba ko ya sayi mafi tsadar cikinsu. Waɗanda lissafin ya shafa su ne masu tace fim da masu manyan alluna. Abin da ya fi damun sauran jama'a shi ne ingancin wayar da tsawonta. Akwai wayoyin DisplayPort na jabu da ake haɗa wa haƙori na 20, wanda ƙa'ida ta ce a bar shi a yanke, sai wuta ta riƙa komawa cikin kwamfuta har ta ƙi tashi, mai gyara ya yi ta neman cuta inda babu. Haka kuma an tsara DisplayPort ne domin tebur, cikakken ƙarfinta a kan mita 2 zuwa 3 yake. Mai jan waya zuwa majigin da ke rataye a rufin ɗakin taro zai fi samun sauƙi da HDMI mai kauri, kuma inda aka riga aka binne VGA a bango tana aiki, da tsohuwar zuma ake magani, adafta ɗaya ta wadatar.

A watan Afrilu na 2025 aka bayyana wata sabuwar ƙa'idar kuma daga ƙasar Sin, mai suna GPMI, wadda kamfanoni fiye da 50 suke mara wa baya, cikinsu har da Huawei da Hisense da TCL. Iri biyu ce: mai bakin USB-C tana ɗaukar gigabit 96 da wuta wat 240, mai bakinta na musamman kuma gigabit 192 da wat 480, wato har wutar da allon zai ci tana iya biyowa ta cikinta. Tun da akasarin talabijin da wayoyin da ke shigowa ƙasar nan daga Sin suke, ya dace dillalai su sa mata ido. Amma waya ba ta da kasuwa sai kafarta ta samu a duka ɓangarorin biyu, kuma injinan hoto na Intel da AMD da Nvidia, waɗanda ke cikin kwamfutocin ofisoshin Yola da Jimeta, DisplayPort da HDMI suke fitarwa. Idan aka yi la'akari da cewa DisplayPort ta shafe shekaru fiye da goma kafin ta cika teburan kayan hannu, ɗan kasuwar da aka yi wa tayin katan ɗin GPMI yana da damar ya nemi a fara nuna masa kwamfutar da za a jona ta.