Shirin Musamman: Man Kifi da Garkuwar Jiki

Shirinmu na yau zai duba man kifi, wanda iyaye mata suka daɗe suna ɗura wa yara da cokali, yaro na yamutsa fuska. Masu tallarsa kan ce yana ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi. To ina gaskiyar lamarin?

A shekarun 1970 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka je tsibirin Girinland, suka auna jinin 'yan ƙabilar Inuit, waɗanda cimarsu kifi ce da naman dabbobin teku masu kitse. Sai suka tarar jinin yana ɗauke da maiƙon da ake kira omega-3 mai yawa. Nau'i biyu ne suka fi shahara, EPA da DHA. Shi ma kifin ɗan tsintuwa ne, daga ƙananan tsirran teku maiƙon yake fitowa.

Ga yadda yake aiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwa kan tayar da kumburi domin ta yaƙe ta, kuma hakan daidai ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan yaƙi ya ƙare amma dakarun suka ƙi komawa bariki, kumburin ya koma cin jikin mai shi. Farfesa Charles Serhan na Jami'ar Harvard ya gano cewa jiki yana sarrafa EPA da DHA su zama sinadaran resolbin, waɗanda ke dakatar da kumburin, su sa a share matattun ƙwayoyin da aka bari. Aikin man kifi ke nan, kwantar da tarzoma.

Batun hana kamuwa da cuta kuwa, a nan tallar ta wuce gona da iri. A Norwe an gwada mutum sama da 34,000 a lokacin hunturu, rabi aka ba su man hantar kifi, rabi man masara. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna man bai rage kamuwa da korona ba, bai rage cututtukan numfashi ba.

Saboda haka uwargida, kifin titus ko shawa ko sadin na gwangwani sau biyu a mako ya wadatar, ba sai an kashe kuɗi a kemis ba. Mai juna biyu ta yi hattara da man hantar kifi, domin bitamin A ɗin da ke cikinsa idan ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likita tukuna. A kasance lafiya.