YAUSHE MATAN AREWA SUKA FARA JEFA ƘURI'A?



Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a ranar zaɓe kukan ga layin mata a Batsari ko Safana har ya fi na maza tsawo. Yaro zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. To, ba haka ba ne. Ku tambayi kakanninku mata, za su gaya muku cewa lokacin da aka yi babban zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga samun 'yancin kai a 1960, babu mace ko ɗaya a Jihar Arewa da ta jefa ƙuri'a, alhali matan kudu sun jefa.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi wannan jayayya ba. Matan Amurka sai a 1920 suka samu wannan dama, na Ingila suka yi daidai da maza a 1928, na Faransa kuwa sai 1944.

A nan Arewa, jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, wai al'ada da kulle ba za su bari ba. Ita kuwa NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta ce a ba mata haƙƙinsu. Malam Aminu Kano, wanda shi kansa ɗan gidan malamai ne, ya yi ta bayyana cewa Musulunci bai hana mace ilmi ko faɗin ra'ayinta ba.

Wadda ta fi kowa shan wuya a kan wannan ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Ita ta jagoranci matan NEPU, tana shiga gidaje tana wayar musu da kai. An doke ta, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16, amma ba ta ja da baya ba. Mahakurci mawadaci: a 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yarda matan Arewa su yi zaɓen ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da abin. A lokacin muna cikin Jihar Kaduna, don ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai 1987. Hajiya Gambo ta ga wannan rana da idonta kafin rasuwarta a 2001.

To, shin addini ne ya hana? Ku dubi Maraɗi, ga ta nan kusa da mu. Harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, muna auratayya. Amma dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi a Nijar ƙuri'a, namiji da mace, wato shekara 20 kafin namu matan. Kun ga ashe siyasa ce ta jawo jinkirin.

Ku tuna kuma da darasinmu na Sira. Mata sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a da kansu, ba mazansu suka yi a madadinsu ba, kamar yadda ya zo a aya ta 12 cikin Suratul Mumtahana. A Hudaibiyya shawarar Ummu Salama (RA) ce ta warware matsala. Nan ƙasar Hausa ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Sai dai har yanzu da sauran tafiya, domin ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba, kuma 'yan majalisa mata ƙalilan ne.

Saboda haka, iyayenmu mata, wannan ƙuri'a amana ce kuma shaida ce. Abin da wata ta sha ɗauri a kansa bai kamata a sayar da shi kan sabulu ko taliya ba, musamman a yankin da ke kukan tsaro da asibiti da makaranta. Ku kuma iyaye maza, ku bar su su karɓi katinsu, su zaɓi wanda suka gamsu da shi. 'Yan mata, ku riƙe karatu, shekara 18 kamar gobe ne.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin. Wassalamu alaikum.