Annoba da Rikicin Addini: Labaran Ailan da Ba a Cika Faɗa Ba

Idan ana maganar tarihin Ailan, gwagwarmayarta da Ingila ce ke cika baki. Amma cuta ta kai mutane kabari fiye da bindiga, kuma sau da yawa wanda ya cuci mutum maƙwabcinsa ne da suka sha bamban a coci.

A watan Yunin 1832, kwalara na cin rayuka, sai labari ya ɓulla daga garin Charleville da ke yankin Cork cewa Nana Maryamu ta bayyana a wata majami'a, ta bar toka wadda ita kaɗai ce kariya. Sharaɗin shi ne duk wanda aka kai wa ƙullin tokar, ya ɗebi ta murhunsa ya kai wa gidaje huɗu da saƙon bai isa ba. Mutane suka bazama cikin dare, wasu har da tafiya mai nisa don neman gidan da ba a riga su ba. A hanya tokar ta rikiɗa ta zama kara, wani wurin tsakuwa, wani wurin ɓallin ƙasar da suke ƙonawa a madadin itace. Cikin kwana shida saƙon ya ratsa mafi yawan tsibirin, kamar dai irin saƙonnin nan na WhatsApp da ake cewa ka tura wa mutum goma, sai dai wannan da ƙafa aka raba shi. Jami'an gwamnati da suka ga jama'a na gudu da tsakar dare sun zaci tawaye ake ƙullawa.

A shekarar ce kwalara ta ɗaiɗaita garin Sligo. Wata yarinya mai suna Charlotte Thornley ta tsira, ta girma tana ba ɗanta labarin waɗanda aka binne da sauran numfashinsu. Ɗan nan shi ne Bram Stoker, wanda ya wallafa littafin Dracula a 1897.

Babbar yunwar da ta fara a 1845, bayan ciwo ya lalata dankalin Turawa, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Akasarinsu ba yunwar ce ta ƙarasa su ba. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da atuni ne suka samu jiki ya yi laushi. Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika da fam 1,000. A 1847 kuma ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ba ta daɗe da fitowa daga bala'in korarta daga ƙasar kakanninta ba, ta yi karo-karo ta aika da tata gudunmawar. A garin Midleton akwai wani gini na manyan gashin tsuntsu na ƙarfe da aka kafa don tunawa da wannan alheri.

Amma ba kowace ciyarwa ce ta zo don Allah ba. Wasu masu wa'azin Furotesta sun riƙa haɗa kwanon miya da koyar da aƙidarsu, kuma iyalin da ya karɓa, tabon “sun sha miya” ya bi shi har jikoki. Abin ya yi muni ta fuska biyu: wanda ya sa sharaɗi ga mai jin yunwa ya yi zalunci, wanda ya goranta wa uwar da ta ceci 'ya'yanta shi ma bai kyauta ba. 'Yan ɗariƙar Quaker kuwa sun ciyar da dubbai ba tare da tambayar kowa cocinsa ba.

Annobar murar 1918 zuwa 1919 ta kashe fiye da mutum 20,000 a Ailan, adadin da ya zarce na yaƙin neman 'yanci da yaƙin basasar da suka biyo baya idan an haɗa su. An yi shekaru da dama littattafan tarihi ba su ba ta wani muhimmanci ba.

Tarin fuka kuwa abin kunya ne a lokacin, iyalai na ɓoye mai shi don kada 'ya'yansu su rasa masu aure. Likita Noël Browne, wanda ciwon ya kashe masa uwa da uba, ya zama ministan lafiya a 1948, ya gina asibitocin masu tarin a faɗin ƙasar. Da ya kawo shirin kula da mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta, sai ƙungiyar likitoci da shugabannin cocin Katolika suka taso masa. Ya ajiye muƙami a Afrilun 1951.

Ta fuskar rikicin addini kuwa, a 1930 majalisar yankin Mayo ta ƙi amincewa da naɗa Letitia Dunbar-Harrison shugabar ɗakin karatu. Hujjar da aka fara bayarwa ita ce ba ta iya harshen ƙasar sosai ba, amma kowa ya san 'yar Furotesta ce. Gwamnati ta rushe majalisar.

Rikicin da ya fi taɓa zuciya shi ne na ƙauyen Fethard-on-Sea a 1957. Sheila Cloney 'yar Furotesta ce, mijinta manomi ɗan Katolika. Limamin cocin garin ya ce dole 'yarsu ta shiga makarantar Katolika, ita kuwa ta kwashi 'ya'yanta mata biyu ta tsallaka zuwa Sikotilan. Nan take aka umarci 'yan Katolika su ƙaurace wa duk wani ɗan Furotesta a garin: aka daina sayayya a shagunansu, wata mai koyar da kiɗa ta rasa ɗalibanta, alhali babu ruwansu da rigimar gidan wani. Firaminista Éamon de Valera ya fito a majalisa ya yi tir da abin. Daga baya Sheila ta koma ɗakinta, ita da mijin suka zaɓi su koyar da yaran a gida. Sai a 1998 bishop ɗin Katolika na yankin ya nemi gafara a bainar jama'a.