Rage Yawan Kallon Waya: Bayani Ga Iyaye Da Shugabannin Al'umma

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta sauƙaƙa wa mutanen karkara al'amura da dama, kama daga jin farashin hatsi a kasuwa har zuwa aika kuɗi ba tare da hawa mota ba. Ba mu ce a jefar da ita ba. Abin da muke son jawo hankalin jama'a a kai shi ne yawan sa'o'in da take cinyewa, musamman na yara.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kuwa, kada kallon ya wuce awa 1 a rana. Yaro yana koyon magana ne daga wanda yake yi masa magana, ya gwada, a amsa masa, a gyara masa. Waya ba ta yin wannan. Mun san uzurin uwar da ke miƙa wa ɗanta waya don ya yi shiru ta samu ta gama girki, amma gara a bar shi wajen kakarsa ko yayyensa.

Matsalar manyan yara kuma ta dare ce. Hasken waya yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci a jiki, ga shi ɗan firamare yana bukatar barcin aƙalla awa 9. Wanda ya raba dare yana kallon finafinan da aka tura masa a shagon caji, da gyangyaɗi zai wuni a aji. Don haka muna ba da shawarar a karɓi wayoyi awa 1 kafin kwanciya, a ajiye su a ɗakin maigida, shi ma ya ajiye tasa.

Akwai kuma batun aljihu, domin a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data.

Muna roƙon hakimai, dagatai da masu unguwanni su sanya wannan batu cikin taron iyaye da malamai na zangon karatu mai zuwa. Yawancin manyan wayoyi suna nuna adadin sa'o'in da aka yi ana amfani da su kowace rana. A nemi wani malami ya nuna wa iyaye inda ake dubawa.